Yafiya tsakanin abokan hamayya: ta zuci ce ko ta idon kyamara?

Bulus Gunners: Jama'a barkanmu da yamma. Wani ya sake ɗora hoton Neymar na Birazil da Zuniga na Kolombiya suna rungume da juna a Miyami, ya rubuta a ƙasa wai haka ya kamata mai bi ya zama. Ni dai hoton bai gamsar da ni ba. Ga waɗanda suka manta: ranar 4 ga Yuli 2014, a Fortaleza, Birazil da Kolombiya, kwata fainal na kofin duniya. Saura 'yan mintuna a tashi, Birazil na da 2 Kolombiya na da 1, ƙwallo ta taso sama, Neymar ya ba da baya yana jiran ta sauko, sai Zuniga ya taho a guje ya daka tsalle ya kafa masa gwiwa a gadon baya. Ƙashin baya ya tsage. Ko katin gargaɗi alƙalin wasa bai ɗaga ba. Bayan wata biyu ana wasan sada zumunci sai ga su suna runguma. To wannan yafiya ce, ko dai an ce musu ga kyamara ku yi abin da za a nuna? Na biyu kuma, wannan durƙuson da 'yan wasa ke yi da abokan hamayya a tsakiyar fili ana addu'a, bayan sun gama tattaka ƙafar juna minti 90, ba riya ba ce?

Iliya Kafanchan: Kai da har yau ba ka yafe wa Van Persie barin Arsenal ba tun 2012, kai ne za ka duba zuciyar Neymar?

Bulus Gunners: Wancan cin amana ne, ba keta ba. Kar ka kawar da zance.

Maman Tabita: Ɗana Bulus, ba a Miyami abin ya fara ba. Kwana shida bayan raunin Neymar ya zauna gaban 'yan jarida a sansanin Birazil, ya fashe da kuka, ya ce Allah ne ya tsare shi, da gwiwar ta goce da santimita 2 da a keken guragu zai ƙare. A wannan zaman ne ya ce Zuniga ya kira shi a waya ya ba shi haƙuri, shi kuma bai riƙe shi a zuciya ba, har ya yi masa fatan albarka. Abin da ya fi burge ni shi ne bai ce ba komai ba. Ya faɗa ƙarara cewa duk wanda ya san ƙwallo ya san irin wannan shigar ba daidai ba ce, in an zo maka ta gaba kana iya kare kanka, ta baya kuwa sai dai doka ta kare ka. Ya kira laifi da sunansa, sannan ya sauke. Ni a wurina wannan ya fi "ai ba komai" ɗin da muke yi wa juna a ƙofar coci bayan sujada, baki na murmushi ciki na tafasa.

Bulus Gunners: Mama, ranki ya daɗe, a ƙarasa labarin mana. Ranar 17 ga Yuni 2015 suka sake haɗuwa a Copa America, a Santiago. Kolombiya ta ci 1 da nema. Ana hura tashi Neymar ya ɗirka wa Armero ƙwallo, ya juya ya kai wa Murillo karo da kai, aka ba shi jan kati, aka dakatar da shi wasa 4. A cikin wasan nan kuma kyamara ta kama shi yana yi wa Zuniga gori, wai ai in an gama sai ka sake bugo waya ka ba ni haƙuri. Kwana 11 kafin nan yana Berlin ya ci kofin zakarun Turai, ya ɗaure goshi da ƙyalle mai cewa shi na Yesu ne ɗari bisa ɗari. Ina yafiyar ta shiga?

Iliya Kafanchan: Tabɗi. Bulus yau da shiri ka zo.

Dattijo Yohanna: Salama gare ku duka. Bulus, abin da ka kawo gaskiya ne, ba wanda zai wanke yaron nan a kan halin da ya nuna a Santiago. Amma ka ɗauka yafiya abu ne da ake yi sau ɗaya a rufe littafi. Ba haka take ba, wanda aka taɓa cuta da gaske ya sani. Ka yafe yau da zuciya ɗaya, bayan shekara ka hango mutumin a kasuwa, abin ya taso maka sabo fil. Da Bitrus ya tambayi Ubangiji ko sau bakwai ya isa, a Matiyu 18, aka ce masa bakwai har sau saba'in. Mukan karanta wurin kamar mutum zai yi maka laifi 490 daban-daban. Ni shekarun da na yi ina zama kan rikicin 'yan'uwa a ikilisiya sun nuna mini sau da yawa laifin guda ɗaya ne, kai ne kake ta komawa kana sake yafe shi. Saurayi mai shekara 22, an fitar da shi a gasar da ake yi a ƙasarsa, yana jinya yana kallo Jamus ta zura wa 'yan'uwansa 7 da 1, sannan bayan shekara ya sake karawa da mutumin nan a fili. Ya faɗi, ban musa ba. Faɗuwar 2015 ba ta mai da hawayen 2014 ƙarya ba.

Rifkatu: Baba, da izininka. Damuwata ba Neymar ba ce, shi yana da likitoci da kuɗi. Damuwata yadda ake amfani da wa'azin yafiya a rufe bakin wanda aka cuta. FIFA ta duba maganar ta ce ba za ta hukunta Zuniga ba tunda alƙalin wasa ya ga abin a fili. Wasan nan an yi keta 54 a cikinsa, ba wasan da ya kai shi a gasar, alƙali ya bar su suna ta sarar juna tun daga farko, James Rodriguez na Kolombiya ma ya sha duka a ƙafafun 'yan Birazil. Ba wanda ya biya komai. Sai a ɗauko hoton runguma a ce mana ku gani, an wuce wurin. Kuma Luka 17:3 cewa ya yi in ɗan'uwanka ya yi laifi ka tsawata masa, in ya tuba ka gafarta masa. Akwai tsawatawa, akwai tuba. Mu kuwa mun tsallake biyun mun tafi kan na uku.

Maman Tabita: Rifkatu ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. A zumuntar mata mun ga irin wannan ba sau ɗaya ba, a ce wa mace ki yafe, alhali mai laifin ko kunya bai ji ba.

Dauda Ɗan Dambe: Ku bar ƙwallo tukuna, ku zo dambe ku ga misalin da ya amsa tambayar Anti Rifkatu. Holyfield da Tyson. A Nuwamba 1996 Holyfield ya tsayar da Tyson a turmi na 11, duniya ta girgiza don ba wanda ya ba shi nasara. Aka sake haɗa su ranar 28 ga Yuni 1997 a MGM Grand da ke Las Vegas. A turmi na 2 kan Holyfield ya fasa wa Tyson saman ido, alƙali Mills Lane ya ce ba da gangan ba ne. Turmi na 3 Tyson ya fito ba robar haƙori a bakinsa, aka mai da shi ya saka. Da suka sarƙe sai ya kafa haƙora a kunnen dama na Holyfield ya gutsure saman kunnen, ya tofar a kan dandamali. Ku nemi bidiyon ku ga yadda Holyfield ke tsalle yana juyi, hannu dafe da kunne, jini na bin kafaɗa. Aka rage wa Tyson maki 2, aka ci gaba, ya sake cizon na hagu. Nan aka kore shi.

Abin da nake so ku lura da shi: Holyfield ya sha faɗa cewa tun a ɗakin canza kaya a daren nan, mutanensa na ta huci suna maganar ramuwa, shi ya ce musu a yi addu'a, ya yafe. Lokacin Tyson bai ba da haƙuri ba, sai bayan kwana biyu ya fito ya karanta takardar neman afuwa. Duk da haka hukumar damben Nevada ta ƙwace lasisin Tyson, ta ci shi tarar dala miliyan 3. Yafiyar Holyfield ba ta cire masa ko sisi ba. Zaman sulhu na ido da ido kuwa sai a Oktoba 2009, a shirin talabijin na Oprah, shekara 12 bayan cizon. Kun ga abu uku ne daban, kowanne da lokacinsa. Ya sauke nauyin a daren, hukuma ta yi aikinta a cikin makonni, zumunci ya ɗauki shekaru. A 2014 Tyson ne da kansa ya gabatar da Holyfield ranar da aka karrama shi a Nevada.

Iliya Kafanchan: Har talla suka yi tare, Tyson ya ƙwanƙwasa ƙofa ya miƙa masa kunnen a ɗan akwati. Ni wannan tallar ta fi ba ni dariya a kan duk wani fim.

Bulus Gunners: To ai ka faɗa da bakinka, talla. Kuɗi ne ya sulhunta su.

Dauda Ɗan Dambe: Tallar 2013 ce, malam. Wane ne ya san da ita a 1997 ana ɗinke masa kunne? Kuma akwai abin da Holyfield ya faɗa wanda ya sa na yarda da shi. Ya ce shi ma yana saurayi, kafin ya zama ƙwararre, wani ya kai shi ƙasa a dambe, haushi ya sa ya ciji yaron a kafaɗa. Ya san abin da ke faruwa a kan mutum in ya ga ana cin sa a gaban jama'a kuma ba shi da mafita. Wanda ya tuna nasa cizon ba ya wahalar fahimtar na wani.

Malam Sani Mai Shayi: Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, amma tunda a rumfata kuke kallon rabin wasannin nan kuna cinye mini biredi bashi, ina da haƙƙin magana. Tyson da kuke zance Musulmi ne, Holyfield Kirista mai rubuta aya a rigar dambensa, kuma bambancin addini bai hana abin ya yiwu ba. A Suratu Shura, aya ta 40, an ce sakamakon cuta shi ne cuta irinta, amma wanda ya yafe kuma ya gyara, ladansa na wurin Allah. Wato haƙƙinka na nan, ba wanda ya isa ya ƙwace maka, in ka bari don kanka ka bari. Shi ya sa na goyi bayan 'yar'uwa Rifkatu a wuri ɗaya: yafiyar dole ba yafiya ba ce. Inda na ga mun ɗan bambanta da ku shi ne ku an umarce ku ku yi wa mai cutar da ku addu'a tun bai nema ba. Wannan kam yana da nauyi, ban ga laifin wanda ya kasa ba.

Dattijo Yohanna: Malam Sani, na gode, ka karanta mu daidai. Matiyu 5:44 ke nan. Kuma a kan gicciye ba wanda ya tuba tukuna sa'ad da Yesu ya ce a gafarta musu don ba su san abin da suke yi ba. Rifkatu, 'yata, ayarki da wannan ba sa faɗa da juna. Sauke ramuwa daga zuciyata bai jira tuban kowa ba. Komawa zumunci, in sake amincewa da mutum, wannan yana jiran tuba. Ikilisiya ma tana sa mutum a ƙarƙashin horo bayan wanda ya cuta ya yafe masa. In wani ya ce miki yafiya na nufin kada a hukunta, ba daga Littafi Mai Tsarki ya samo ba.

Rifkatu: Na ji Baba. Sai dai a aikace mai ƙarfi ne kullum ake roƙa wa yafiya, marar ƙarfi ne ake tura wa horo. Ban sauka daga kan wannan ba.

Koci Markus: Bari in ba ku na gida, tunda yara nake horarwa. A gasar matasan coci-coci da muka taɓa yi, wani ɗan baya na ƙungiyar da muka kara da ita ya shiga wa ɗan wasana da ƙafa biyu. Ƙarar karyewar ƙaurin har bakin layi na ji ta. Nan take aka ce a haɗu a tsakiyar fili a yi addu'a. Muka yi da'ira, hannu a kafaɗar juna, yaron yana kwance a gefe yana ihu ana neman mai Keke Napep. Wallahi addu'ar nan ba ta shiga jikina ba, ido a rufe amma lissafi nake yi wa zan sa ya rama a zagaye na biyu.

Abin da ya yi aiki ya zo daga baya. Uban wanda ya yi ketar ya kamo hannun ɗansa har gidan. Mai ɗori ya riga ya ɗaure ƙafar da karare da tsumma, ɗakin na warin man shanu, yaron ya juya fuska bango ya ƙi kallon kowa. Uwar ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo ruwa, ba ta ce uffan ba. Uban ya ajiye ɗan abin da ya samu na kuɗin ɗori a gefen tabarma, ya ce wa ɗansa durƙusa. Ba a ce an yafe ba ranar. Yaron nan ya riƙa zuwa kullum da yamma yana ɗebo musu ruwa, shi ke riƙe shi in zai zaga bayi. Sai da aka kwance ɗorin na gan su suna cin gyaɗa a kwano ɗaya. Dakatarwar da kwamitin gasa ya yi masa kuwa ta tsaya, ni ne ma na ƙi sa hannu a ɗage ta.

Maman Tabita: Allah ya yi wa uban nan albarka. Tarbiyya ke nan.

Bulus Gunners: Koci ya tabbatar da maganata ta biyu ke nan. Addu'ar fili ba ta yi komai ba. Matiyu 6 ma cewa ya yi in za ka yi addu'a ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, kada ka zama kamar masu tsayawa a kan hanya don a gan su. Filin da kyamara ke kewaye da shi ai ya fi kan hanya.

Koci Markus: Ban ce ba ta yi komai ba. Minti biyar ɗin da muka yi a sunkuye su suka hana 'yan kallo shigowa fili, don har an fara tsintar duwatsu.

Hannatu Yola: Wannan na Koci ya tuna mini da Tonga da Samowa. A gasar zari-ruga ta duniya ta 2017, a Hamilton ta ƙasar Niyu Zilan, kwanaki kafin wasan magoya bayan ƙasashen biyu sun yi ta faɗa a titunan kudancin Auckland, 'yan sanda na ta kame. Ranar wasan 'yan wasan ɓangarorin biyu suka cakuɗa suka yi da'ira ɗaya, suka durƙusa suka yi addu'a tare. Suna tashi kowa ya koma gefensa aka yi rawar yaƙi ta gargajiya fuska da fuska, aka gwabza ba sassauci, Tonga ta ci 32 da 18. Wannan addu'ar da gangan aka yi ta don a gani, Yaya Bulus, don samarin da ke jifan juna su ga waɗanda suke faɗa dominsu suna riƙe da kafaɗar juna. Abin da Yesu ya hana shi ne ka yi don a yabe ka. Zuciyar kowane ɗan wasa kuwa ni ba ni da na'urar auna ta, kai ma ba ka da ita.

Iliya Kafanchan: Ku tuna ma a wasan Fortaleza ɗin nan, da aka tashi James na kuka, David Luiz na Birazil ne ya rungume shi yana nuna shi da yatsa yana ce wa 'yan kallon Birazil su tafa masa. Bayan kwana huɗu shi ma ya sha 7, ya durƙusa a fili ya ɗaga hannu sama yana addu'a. Mai riya ai ranar nasara yake durƙusawa.

Awudu Kumasi: Duk na karanta, kun yi ƙoƙari. Yanzu ku gaya mini yadda zan yi da Suarez na Yurugai. Ranar 2 ga Yuli 2010 a Johannesbag, Gana da Yurugai a kofin duniya, minti na ƙarshe na ƙarin lokaci, ana 1 da 1, Adiyiah namu na Gana ya sa kai ƙwallo za ta shiga, mutumin nan ya sa hannu biyu ya kaɗe ta kamar gola. Gyan ya buga fenareti ta daki ƙarfe, shi kuma yana bakin hanyar fita yana tsallen murna. A zangonmu ranar ko tuwo ba a ci ba. Shekara 12 bayan nan, a Katar, aka tambaye shi ko zai ba da haƙuri, ya ce a'a, shi ya karɓi jan katinsa, ba shi ya ɓarar da fenareti ba. Dattijo, wannan ma sai a yi masa addu'a?

Dauda Ɗan Dambe: Shi ma ai macijin mutane ne. Ya ciji Chiellini na Italiya a 2014, aka dakatar da shi wata 4 da wasan ƙasa 9. Chiellini da aka ciza shi ne ya fito ya ce ba ya jin haushinsa, hukuncin ma ya yi tsanani.

Rifkatu: Ka lura Dauda, wanda aka ciza ne ya faɗa, ba wani ya faɗa a madadinsa ba.

Dattijo Yohanna: Awudu, ɗana, maganar Suarez ba daɗi amma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Doka ta ba shi jan kati, ta ba ku fenareti, ba abin da ta rage. Bai karya ƙafar kowa ba. Abin da ya rage muku baƙin ciki ne, shi kuwa ko ya ba da haƙuri ƙwallon ba za ta koma raga ba. Mu 'yan kallo mun fi 'yan wasa riƙo. Zuniga ya sha zagi da barazanar kisa daga mutanen da ko ƙwarzane bai yi musu ba, alhali mai ƙashin bayan ya ce ya bari. Addu'a kam eh, a yi masa. Ba a ce sai ka sayi rigarsa ba.

Awudu Kumasi: Baba na ji, zan gwada. Amma ranar 2 ga Disamba 2022 da suka ci mu 2 da nema, Ayew ma ya ɓarar da tasa fenaretin, sai labari ya zo Koriya ta Kudu ta doke Fotugal, wato Yurugai ta fita daga gasar, aka nuno Suarez a benci ya rufe fuska da riga yana kuka. Mu ma an fitar da mu, amma a zango har kiɗa aka yi. Wannan zunubi ne?

Malam Sani Mai Shayi: A rumfata ma an sha shayi kyauta ranar, ni na bayar.

Maman Tabita: Karin Magana 24:17, kada ka yi murna sa'ad da maƙiyinka ya faɗi. Ku je ku karanta, har da kai Malam Sani, zan aiko maka da ita a rubuce.

Bulus Gunners: A kan Holyfield na yarda, shekara 12 ba wasan kyamara ba ne. Neymar kuwa ina nan a kan bakana sai na ga abin da ya fi hoto.

Awudu Kumasi: Ni ma addu'ar zan yi masa, Allah ya ba shi lafiya da zuri'a mai albarka. Amma duk ranar da Yurugai ke wasa, ko da wa take bugawa, ina bayan wancan.